Ma'aikata: Wuri Ne Ko Mutane? Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunan Wurin Aiki

Akwai kalmomin da muke furtawa safe da yamma ba tare da mun taɓa tsayawa mun dube su ba, sai ranar da aka ce mu rubuta. "Ma'aikata" na cikinsu. A baki ba ta ba kowa wahala, amma da zarar alƙalami ya hau takarda sai ka ga ɗalibi ya tsaya cak, mai fassara yana gogewa yana sakewa. Ga tambayoyin da masu koyo da masu rubutu suka fi yi a kanta, da ma sauran kalmomin da muke kiran wurin aiki da su.

Mece ce ainihin ma'anar "ma'aikata"?

Wurin da ake yin aiki, shi ke nan. Daga "aiki" aka samu "aikata", sai aka ɗora wa aikatau ɗin (wato kalmar da ke nuna aiki) ɗafa-goshi "ma-", ɗan ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, aka ƙare shi da "a", ya zama sunan wuri. Haka Hausa ke gina irin waɗannan sunaye: karanta ta ba da makaranta, ƙera ta ba da maƙera, rina ta ba da marina, jeme ta ba da majema, saƙa ta ba da masaƙa. Kowannensu yana nufin inda ake yin abin da aikatau ya ambata.

Abin lura shi ne babu wani abu a jikin kalmar da ya ce gwamnati, ko tebur da kujera, ko albashin ƙarshen wata. Rumfar da kafinta ke fere katako ma'aikatarsa ce, kamar yadda benen da minista ke zama yake ma'aikata.

To me ya sa da an ce ma'aikata sai hankali ya tafi ga gwamnati?

Saboda a bakin masu labarai muka fi jin ta. Tun farkon shekarun 1950 aka fara naɗa ministoci a Nijeriya, kuma dole abin da minista ke shugabanta ya samu suna da Hausa. Ma'aikata ce ta zauna a wannan gurbi, ta kuma zauna daram. Yau ba ranar da za ta fito ta faɗi rediyo bai ambaci Ma'aikatar Ilimi, Ma'aikatar Lafiya, Ma'aikatar Kuɗi ko Ma'aikatar Harkokin Waje ba. A tarayya minista ne ke kanta, a jiha kwamishina, babban sakatare kuma shi ke riƙe da ragamar aikin yau da gobe. Ko labarin wata ƙasa ake bayarwa haka ake yi: ma'aikatar tsaron Amurka, ma'aikatar harkokin wajen Faransa.

A nan ma kalmar ta ɗan gusa daga ma'anarta ta farko. Idan aka ce "Ma'aikatar Ilimi ta ba da hutu", ba gini ne ya yi magana ba, hukumar da ke cikinsa ce. Wannan gusawar ba laifi ba ce, harshe mai rai haka yake yi. Abin da ke damuna shi ne sabuwar ma'anar tana neman danne tsohuwar, har wasu matasa na ganin kuskure ne a kira wurin gyaran motoci ma'aikata. Ba kuskure ba ne. Kalmar ta riga ministoci zuwa duniya, kuma bai kamata mu bari ta ƙanƙance ta koma sunan sassan gwamnati kaɗai ba.

Amma ai "ma'aikata" mutane ne masu aiki. Yaya kalma ɗaya za ta zama wuri kuma ta zama mutane?

Ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi biyu ne da rubutun boko ya sa wa riga iri ɗaya.

Ta farko ita ce ta wuri, tilo ce, kuma tamace. Ta biyu jam'in "ma'aikaci" da "ma'aikaciya" ce. Abin da ya raba su shi ne karin sauti, wato hawa da saukar murya. Furta wannan jimla da ƙarfi: "Ya tafi ma'aikata." Za ka ji gaɓoɓin nan huɗu, ma-'ai-ka-ta, duk sun tafi a sama bai ɗaya, muryarka ba ta sauka ko'ina ba. Yanzu ka ce: "An biya ma'aikata albashi." Gaɓar farko a sama take, biyun tsakiya sun sauka ƙasa, ta ƙarshe ta sake hawa. Duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa yana yin wannan bambanci ba tare da ya san yana yi ba, kuma idan baƙo ya musanya su nan take kunne zai ji wani abu ya goce.

Ba ma'aikata kaɗai ke da wannan tagwaitaka ba, tsari ne da ya ratsa harshen. Maƙera ita ce inda ake ƙira, maƙera kuma su ne masu ƙirar. Mahauta wurin yanka ce, mahauta kuma mutanen da ke sana'ar. Makaranta muna zuwa cikinta, makaranta kuma su ne masu karatu, kamar a "makaranta Alƙur'ani". Makiyaya fili ce da dabbobi ke kiwo, makiyaya kuma masu kora su. Har mahaifa: akwai mahaifar da jariri ke kwana a ciki ko garin da aka haifi mutum, akwai kuma mahaifa, wato uwa da uba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, na wuri yana tafiya da karin sama tun daga farko har ƙarshe, na mutane kuma yana sauka a tsakiya.

Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau da kullum ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Sai a ƙamus da littattafan nazarin harshe ake sa musu alama, kamar yadda Bargery ya yi a ƙamusunsa na 1934. Shi ya sa nauyin rarrabewa ya koma kan sauran kalmomin jimla.

Idan haka ne, ta yaya mai karatu zai gane wadda ake nufi?

Hanya mafi sauƙi ita ce harafin da ke liƙe a ƙarshenta. Ta wuri tamace ce, don haka "r" take ɗauka: ma'aikatar lafiya, ma'aikatarmu, ma'aikatar da aka rufe. Ta mutane jam'i ce, "n" take ɗauka: ma'aikatan lafiya, ma'aikatanmu, ma'aikatan da aka sallama. Sai kuma wakilin sunan da ke biye: ma'aikata ta sanar, ma'aikata sun koka. Haka ma wannan ma'aikata da waɗannan ma'aikata, babbar ma'aikata da manyan ma'aikata.

Harafi ɗaya ne, amma yana iya juya labari gaba ɗaya. Duba waɗannan biyun: "An zargi ma'aikatar ruwa da karkatar da kuɗi" da "An zargi ma'aikatan ruwa da karkatar da kuɗi." A ta farko hukuma aka tuhuma, wato shugabanninta ne za su amsa. A ta biyu an shafa wa mai gadi da masinja da mai haƙa rami baƙin fenti, mutanen da wataƙila ba su taɓa ganin kuɗin ba. Wanda ke rubuta kanun labarai ya kamata ya ji tsoron wannan kuskure, domin mutuncin mutane ne a ciki.

Kuskuren yana da dalili. A magana mai sauri "r" ɗin nan takan narke ta koma irin baƙin da ke gabanta, kamar yadda ake jin "rigas sarki" a maimakon "rigar sarki", musamman a karin harshen yamma. "N" ma takan yi haka a gaban "l", shi ya sa Ɗanladi ke fita kamar Ɗalladi. Ka ga ke nan ma'aikatar lafiya da ma'aikatan lafiya duk suna iya fita daga baki kamar "ma'aikatal lafiya", sai karin sauti kaɗai ya raba gardama. Mai rubuta abin da kunnensa ya ji ba tare da ya tambayi kansa "wuri ko mutane?" ba, shi ke faɗawa ramin.

Wasu wurare biyu da ake yawan ruɗewa: "shugaban ma'aikata" na gwamnati shugaban mutane ne, saboda haka shugaban ma'aikatan jiha ake rubutawa. Wanda ke kan wuri guda shi ne shugaban ma'aikatar kaza. Haka ranar 1 ga Mayu, Ranar Ma'aikata, ta mutane ce. A Nijeriya gwamnatin jihar Kano ta Abubakar Rimi ce ta fara mai da ita ranar hutu a 1980, kafin ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1981.

Mene ne jam'in ma'aikata ta wuri?

Ma'aikatu. Kamar makarantu, masana'antu, masaƙu, matatu. "Ma'aikatun gwamnati" wurare ne, "ma'aikatan gwamnati" mutane.

Dole ne a sa wannan ɗan waƙafin sama a tsakiyar kalmar? Kuma daga ina "c" ta fito a ma'aikaci?

Dole ne. Ba ado ba ne, baƙi ne cikakke, hamza. Duk kalmar Hausa da ake rubutawa da wasali a farko, irin su aiki, auna, adana, a furuci da hamza take farawa, sai dai an yarda ba a rubuta ta a farkon kalma. Da zarar "ma-" ta shigo gaba, hamzar ta koma tsakiya, dole ta bayyana: ma'aikata, ma'auni, ma'adana. Wanda ya rubuta "maaikata" ko "ma aikata" ya yar da baƙi guda. Na biyun ma ya fi muni, don "ma aikata" a rabe wata magana ce daban, kamar a "in an ba mu dama ma aikata".

Ita kuwa "c" tsohuwar "t" ce. A Hausa "t" takan koma "c" idan wasalin "i" ko "e" ya biyo ta, abin da masu nazari ke kira ganɗantawa. Shi ya sa ake da ma'aikaci amma ma'aikata, makaranci amma makaranta, masallaci amma masallatai.

Akwai dangantaka tsakanin "ma'aikaci" da "Ma'aiki"?

A kiyaye sosai a nan. Ma'aikaci daga "aikata" yake, mai yin aiki. Ma'aiki daga "aika" yake, wato manzo, kuma a bakin Hausawa idan aka ce Ma'aiki, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ake nufi. Ba a musanya su ko da wasa.

A hirar yau da kullum ba na jin mutane na cewa "na tafi ma'aikata". Me suke cewa?

Gaskiya ne. Abin da ya fi yawa a baki shi ne "wurin aiki", wasu su ce "wajen aiki", wasu "gurin aiki" ko "gun aiki". Sau da yawa ma ba a ambaton wurin sam: "Ina Baban Amina?" "Ya tafi aiki." "Yaushe zai dawo?" "Sai an tashi." Kowa ya gane.

A rubutu na fi son "wurin aiki", saboda "wajen" tana da fuska biyu. "Tana da ƙoƙari wajen aiki" ba ya nufin wani wuri, yana nufin ta fannin aiki. Idan ka rubuta "ya samu matsala wajen aiki", mai karatu ba zai san ko a ofis aka yi rigima ba, ko kuwa aikin ne ya gagare shi. "Ya samu matsala a wurin aiki" ta kawar da shakka.

Akwai kuma "bakin aiki", wadda ba ta nufin gini, tana nufin halin kasancewa kan aiki. Ɗan sandan da ke tsaye a titi yana bakin aiki. Wanda aka dakatar sannan aka wanke shi, an mayar da shi bakin aiki. Malamai sun janye yajin aiki sun koma bakin aiki. Wanda ajali ya riska yana tsakiyar aikinsa, ya rasu a bakin aiki. Sai "gurbin aiki", jam'inta "guraben aiki", wadda sabbin masu fassara ke ruɗawa da wurin aiki. Gurbi kujera ce da ba kowa a kai, ana neman mai hawa. Kamfani zai iya samun wurin aiki guda ɗaya da guraben aiki hamsin.

Mene ne bambancin ma'aikata da ofis, kamfani, masana'anta da hukuma?

Ofis aro ce daga Ingilishi, ta kuma zama 'yar gida har ta yi jam'i irin namu, ofisoshi. Ita ce ɗakin ko ginin da ake aikin takarda da kwamfuta. Ma'aikata guda tana iya ƙunsar ofisoshi da yawa, amma ba kowace ma'aikata ce ofis ba. A Nijar, inda aron ya fi zuwa daga Faransanci, za ka ji ana cewa "biro", alhali a Nijeriya biro abin rubutu ne.

Kamfani a asali ba wuri ba ne, ƙungiyar kasuwanci ce mai rajista da masu hannun jari, ko da yake mutane kan ce "ya tafi kamfani" suna nufin harabarsa. Masana'anta daga "sana'a" take, kuma ta keɓanta da inda ake sarrafa kaya da injuna: siminti, taki, robobi, takalma. Duk masana'anta ma'aikata ce, amma ba a kiran Ma'aikatar Shari'a masana'anta, don ba abin da ake ƙerawa a can.

Hukuma kuwa iko take nunawa, ba wuri ba. A tsarin gwamnati an saba ware "ma'aikata" ga sashen da minista ko kwamishina ke jagoranta, a bar "hukuma" ga sauran: hukumar zaɓe, hukumar kwastam, hukumar alhazai, har da Hukumar Lafiya ta Duniya. Shi ya sa ake jin "ma'aikatu da hukumomin gwamnati" a jere.

Me ya sa wasu wuraren aiki ke da sunan kansu, wasu kuma sai a ce "gidan kaza"?

Tsofaffin sana'o'i su suka samu suna na kansu, domin harshe ya daɗe tare da su: maƙera, marina, majema, masaƙa, mahauta. Da sababbin ayyuka suka shigo, Hausa ta bi hanyoyi uku. Wani lokaci ta ari sunan yadda ya zo, kamar asibiti, banki, gareji, kotu, tasha. Wani lokaci ta jingina da "gida" ko "ɗaki": gidan rediyo, gidan jarida, gidan waya, gidan mai, ɗakin tiyata, ɗakin gwaje-gwaje. Wani lokaci kuma ta koma ga tsohon ma'auninta na "ma-".

Hanya ta ukun ita ta fi burge ni. Dubi masaƙa. Asalinta inda masaƙi ke zama da zarensa da ƙoshiyarsa. Da aka buɗe babban kamfanin saƙa a Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya, ba a sha wahalar neman suna ba, tsohuwar kalmar ta buɗe hannu ta rungumi injuna da dubban ma'aikata, aka ce masaƙun Kaduna. Haka matata, daga "tace". Matar da ke tace gasara da injiniyan da ke tace ɗanyen mai aikatau ɗaya suke amfani da shi, don haka matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 ba ta buƙaci baƙon suna ba. Madatsar ruwa da mahaƙar ma'adinai duk ta wannan ƙofa suka shigo.

Wani malami ya ce mana wannan "ma-" daga Larabci aka aro ta. Haka ne?

Kamanceceniyar tana da ƙarfi, shi ya sa ake zaton haka. Larabci ma yana gina sunan wuri da "ma": maktab wurin rubutu, madrasa wurin karatu, masjid wurin sujada. Kuma akwai kalmomin da muka ɗauko dungurungum daga can da "ma" ɗinsu, irin su majalisa da maɗaba'a. Amma ita kanta ɗafa-goshin ba aro ba ce. Hausa na cikin harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban dangin da Larabci da Ibrananci da Amharik da harsunan Berber suke ciki, kuma wannan "m" ta sunan wuri da kayan aiki tana cikin abin da 'yan dangin suka yi tarayya a kai. Shaidar da ke kusa ita ce yadda take hawa kan kalmomin da ba su da wata alaƙa da Larabci, kamar ƙera, saƙa, buɗe da shiga, tana ba da maƙera, masaƙa, mabuɗi da mashiga.

Manomi, direba da mai aiki daga gida fa? Suna da wurin aiki?

Suna da shi. Gona wurin aikin manomi ce, mota wurin aikin direba, kogi wurin aikin masunci. Ba za ka ji an kira waɗannan wurare ma'aikata a hira ba, don kowanne da sunansa, amma "wurin aiki" ta game su duka. Tun annobar korona a 2020 kuma "aiki daga gida" ta shiga bakin mutane, falo da ɗakin kwana suka zama wurin aikin masu yawa.

Wannan tambaya ba ta nahawu kaɗai ba ce, tana taɓa haƙƙi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta fayyace wurin aiki a yarjejeniyarta mai lamba 155 ta shekarar 1981, kan lafiya da kariyar ma'aikata. A can wurin aiki ya haɗa duk inda ma'aikaci ke buƙatar kasancewa ko zuwa saboda aikinsa, matuƙar wurin yana ƙarƙashin ikon wanda ya ɗauke shi aiki, kai tsaye ko a kaikaice. Idan mai fassara ya mayar da wannan "ofis", ya fitar da birkila da ke kan bene da lebura da ke cikin rami. Idan ya ce "ma'aikata", da yawa za su ɗauka ma'aikatan gwamnati kaɗai dokar ta shafa. A irin wannan rubutu, na doka ko na wayar da kai, "wurin aiki" ita ce ba ta bar kowa a waje ba.

Zan iya ƙirƙiro sabon sunan wurin aiki da "ma-"?

Za ka iya, ƙofar a buɗe take, da sharaɗi uku. Na farko, a samu aikatau na Hausa da ke faɗin ainihin abin da ake yi a wurin. Na biyu, a duba kada sunan ya riga ya kama wata ma'ana: "mashaya" ta daɗe tana nufin inda dabbobi ke shan ruwa da kuma inda ake shan giya, don haka ba za ta yi wa kamfanin ruwan sha daɗi ba. Na uku, ka furta ta a gaban wanda bai san abin da kake nufi ba, dattijo ko yaro, ka ga ko zai gane ba tare da bayani ba. Idan ka ce "magyara" ya tambaye ka ko masu gyara kake nufi ko wurin gyaran, to ka saurari karin sautinka, ka sa ta cikin jimla da "r" ɗinta, ka ce "magyarar wayoyi", sannan ka sake tambayarsa.